Fitar da iyali mutum 14 cin abinci a Kano washegarin Sallah: yaya ake tsara shi?

Abban_Sadiq:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawarar waɗanda suka san harkar gidajen abinci nake nema. Iyali ne mutum 14 za a fitar a nan Kano washegarin Sallah: dattawa biyu, manya bakwai, yara biyar, ƙaraminsu ɗan shekara uku. A cikin manyan akwai matar ɗa, ga kuma surukanta a wajen. Wane lokaci ya fi dacewa, me ake yin oda, yaya yawansa, kuma yaya ake yi da lissafin kuɗi don kada a ji kunya a gaban mutane? Tsarin nake so, sunan gidan abincin daga baya.

Kuku_Fagge:
Wa alaikumus salam Abban Sadiq. Fara da sanin yadda kicin yake aiki, sauran duk zai zo da sauƙi. Abincin gidan abinci kashi biyu ne. Akwai wanda ake dafawa tukunya guda tun safe a ajiye a kan ɗumi: shinkafa fara, jalof, soyayyar shinkafa, tuwo, miya, farfesu. Wannan minti biyar zuwa goma ya iso teburinka. Akwai wanda sai ka yi oda ake ɗora shi a wuta: gasasshen kifi, gasasshiyar kaza, soyayyen dankali, shawarma. Babbar tarwaɗa tana cin minti 35 zuwa 45 a kan gawayi, idan ma ba layi a gabanka.

Matsalar taro ke nan. Mutum 14 kowa ya ɗauki takardar abinci ya zaɓi nasa, sai oda ta kasu gida takwas ko tara. Mai tuwo ya gama ya wanke hannu, mai kifi ko faranti ba a ajiye masa ba, yara sun fara kuka. Maganinsa ka tsayar da abinci kala uku kacal tun daga gida, ka je da kanka kwana biyu kafin ranar, ka ga manaja, ka rubuta masa adadin mutane da lokacin isowa da abin da za a ci. Ka ba da kafin alƙalami, ka karɓi rasit mai ɗauke da kwanan wata da lokaci. Ka ce a ɗora kifi ko kaza minti 30 kafin isowarku.

Maman_Khalifa:
Ni lokacin ne ya tsaya mini. Washegarin Sallah da yamma tana cikin lokutan da suka fi cunkoso a shekara, musamman wajen titin Zoo, saboda masu kai yara gidan namun daji da masu shiga Ado Bayero Mall duk hanya ɗaya suke bi. Daga bayan la'asar zuwa tara na dare kujera ma wahala take. Idan dole sai ranar, ku yi azahar a gida ku isa ƙarfe biyu. Abincin rana bai daɗe da sauka ba, masu sabis ba su gaji ba, ku gama kafin huɗu.

Bakano_Asali:
Ƙari a kan maganar Maman Khalifa: washegarin Sallah ita ce ranar Hawan Daushe, kuma da yamma ake yin sa. Shekarar da aka yi hawa, hanyoyin cikin gari da ke kewaye da Gidan Sarki da Ƙofar Kudu ba sa biyuwa da mota. Rana ta uku kuma Hawan Nassarawa ne da safe, ya shafi ɓangaren Nassarawa da gidan gwamnati. Don haka ka duba daga wace unguwa za ku taso. Wanda yake cikin ganuwa ya fita da wuri, wanda yake Tarauni ko Hotoro ya nufi Bompai ko Nassarawa da rana, hanyarsa a buɗe take.

Abban_Sadiq:
Na gode. Daga Hotoro za a taso. To batun yawan abincin fa, Malam Kuku?

Kuku_Fagge:
Kada ka yi oda 14. Manya tara ne da yara biyar, faranti 11 ko 12 ya isa, domin yara biyu 'yan ƙasa da shekara bakwai faranti ɗaya suke ci, sai ka nemi a kawo faranti wofi a raba musu. Ga yadda zan tsara shi:

Dattawa biyu da duk mai son abincin gargajiya: tuwon shinkafa malmala biyu kowa, miya kala biyu a kwano daban, kuka da taushe ko kuɓewa. Ko masa, guda huɗu zuwa biyar kowane babba.
Sauran manya: tire ɗaya babba na jalof ko soyayyar shinkafa na mutum shida. Tire ya fi faranti-faranti arha, kuma kowa yana ɗibar daidai cikinsa.
Kaza: ta gidan gona ana yanka ta gida takwas, uku sun ba ku yanka 24, ya wadatar. Kazar Hausa ƙarama ce kuma tana da tauri a gashi, a farfesu ta fi daɗi.
Idan za a ƙara balangu a gefe, kilo ɗaya na gasasshe yana isar mutum biyar zuwa shida. Ka tambaya ɗanye ake aunawa ko gasasshe, domin nama yana raguwa da kusan kashi ɗaya cikin huɗu ko fiye idan ya sha wuta.
Ruwa: babbar roba mai lita ɗaya da rabi guda biyar, da kofuna. Ƙananan robobi 14 sun fi tsada kuma rabi ake sha a bari.

Ummu_Hanan:
Wace Sallar ce? Idan babba ce a cire balangu da kaza gaba ɗaya. Mutanen da suka kwana biyu a kan suyar nama ba za su taɓa shi ba. Kifi da miyar ganye da salak su ne za su shiga.

Abban_Sadiq:
Ƙarama ce, Hajiya.

Ummu_Hanan:
To lissafin Kuku ya yi. Sai dai bayan azumi ciki bai gama komawa daidai ba, mutane da yawa ba sa iya cin abincin rana mai nauyi a kwana biyun farko. Ka rage faranti ɗaya, idan bai isa ba shinkafa ce, nan take za a ƙaro.

Akawu_Sani:
Bari in ɗauki ɓangaren kuɗi, don a nan ake yawan jin kunya. Farashin da ke jikin takardar abinci a manyan wurare sau da yawa ba shi ne na ƙarshe ba. Akwai harajin VAT, kashi 7.5 cikin ɗari, tun watan Fabrairun 2020 da aka ɗaga shi daga kashi 5. Akwai kuɗin hidima da wasu gidajen suke ɗorawa, wasu kashi 5 wasu kashi 10. Misali abinci ya kama naira 100,000. VAT 7,500, hidima 10,000, jimilla 117,500. Idan kuma a kan jimillar abinci da hidima aka lissafa harajin, 110,000 ke nan, harajinsa 8,250, jimilla 118,250. Wanda ya fito da 100,000 cif-cif ya shiga uku a gaban surukai.

Tambaya ɗaya za ka yi wa manaja ranar da ka je: wannan farashin har da haraji da hidima, ko ban da su? Ka sa ya rubuta amsar a jikin rasit ɗin kafin alƙalami. Sannan ka ware kashi 20 cikin ɗari a kan lissafinka saboda lemo da ƙarin da yara za su nema. Lemo da ruwa su ne inda kuɗi ke zurarewa ba a sani ba, domin farashinsu a teburi yakan ninka na shago.

Idan takardar kuɗi ta zo, ka karanta layi-layi ka ƙirga. Ranar cunkoso mai sabis ɗaya yana riƙe da tebur biyar ko shida, odar wani teburin takan faɗo cikin taka ba da niyya ba. Ka tabbata an cire kafin alƙalamin.

Dan_Wuse:
Gaskiya ne. Kuma kada a dogara da hanyar biya ɗaya. Ranakun Sallah layin banki yana cushewa, POS ya ce bai yi ba alhali an cire kuɗin, taransfa ta fita alat bai shigo musu ba. Kati biyu na banki daban-daban, da tsabar kuɗi ko da rabin lissafin. Idan na'ura ta ƙi, ka karɓi takardar da ta fitar ka ajiye, da ita za ka nemi kuɗinka a banki. Kada a sake saka katin sau uku a jere, ana iya cirewa sau uku.

Hajiya_Tarauni:
Duk kun yi maganar ciki da aljihu, ba wanda ya taɓa abin da ya fi damuna a tambayar. Ya ce akwai matar ɗa da surukanta. Ɗana, idan ka jera su a dogon tebur ɗaya suna fuskantar juna, yarinyar nan ba za ta ci ko loma uku ba, shi ma Baba zai takura. Alkunya ba ta tsayawa a gida don an shigo gidan abinci. Tebur biyu za ka nema: maza da Baba a ɗaya, mata da Hajiya da yara a ɗaya, matar ɗan ta zauna a gefe ɗaya da uwar mijinta da mutum biyu a tsakaninsu, kada su fuskanci juna. Idan wajen yana da ɗakin iyali mai labule ko ƙofa, shi ya fi, musamman idan akwai mai niƙabi. Wasu wuraren da ake yin mandi da abincin Larabawa suna da zaman ƙasa a kan darduma da matasai, amma ka tambayi dattawan tukuna, mai ciwon gwiwa kujera yake so.

Ka duba matakala. Wajen da sai an hau bene ba na tsofaffi ba ne. Ka shiga banɗakin da kanka ka ga ko akwai ruwa da buta, ka ga inda ake sallah da inda mata za su yi tasu. Ka saurari ƙarar kiɗan wajen. Sannan kuɗi ba a biyan sa a gaban dattawa. Ka tashi kamar za ka wanke hannu, ka je kanta ka gama da su.

Abban_Sadiq:
Allah ya saka da alheri Hajiya. Wannan na tebur biyu ban kawo shi a raina ba.

Matashi_Gwale:
Ni dai ina ganin duk wannan wahalar ba ta taso ba. A je inda ake jera abinci kowa ya ɗiba da kansa, kuɗi ɗaya kowane kai, magana ta ƙare. Ba jiran kifi, ba lissafin faranti.

Akawu_Sani:
Matashi, yi lissafin da kyau. Irin wannan tsarin yana yi wa samari masu ci sosai riba. A wannan tawagar akwai dattawa biyu da ba za su wuce malmala ɗaya ko biyu ba, da yara biyar. Kai 14 za a caje shi, sai dai idan suna yi wa yara rabin kuɗi, kuma kowane waje da shekarun da yake yankewa. Sannan abin da ya rage ba a yarda ka tafi da shi gida. A odar tire kuwa, ragowar taka ce.

Matashi_Gwale:
Na yarda da batun yara. Amma ga abokai shida ko bakwai har yanzu ina kan bakana.

Nas_Rabi:
Tunda an zo kan abincin da ake jerawa, ga abin lura ta fuskar lafiya. Dafaffen abinci ko dai ya zauna da zafi sama da digiri 60, ko ya shiga firji. Tsakanin nan ƙwayoyin cuta suke hayayyafa, kuma bai kamata ya wuce awa biyu a haka ba, a zafin Kano ma ƙasa da haka. Idan an buɗe murfi ba ka ga tururi ba, ko wutar da ke ƙarƙashin mazubin ta mutu, ka wuce shi. Shinkafa ta fi yaudara: akwai ƙwayar cutar da ke barin guba a cikinta idan ta daɗe a ɗumi-ɗumi, kuma sake ɗumamawa ba ya kashe gubar. Amai yakan fara cikin awa ɗaya zuwa shida.

Abubuwan da na fi so a kiyaye wa yara da tsofaffi: haɗin kabeji mai mayonis da ba shi da sanyi, kunun aya da ba daga firji ya fito ba domin cikin 'yan awoyi yake tsami, da ƙanƙarar da ake jefawa a lemo wadda ba ka san ruwanta ba. Ruwan roba a buɗe shi a gabanka, ka ga murfin bai taɓu ba kuma akwai lambar NAFDAC. Kaza a tsaga ta kusa da ƙashi, idan akwai ja ko ruwan jini a mayar a ƙara mata wuta.

Ɗan shekara ukun kada a ba shi karfasa, ƙayarta ƙanana ce. Tsokar tarwaɗa ko cinyar kaza, babba ya ɓare masa da hannu. Idan akwai wanda gyaɗa ba ta karɓe shi ba, ku tuna yajin tsire da ƙuli-ƙuli ake haɗa shi, miyar taushe ma akwai gyaɗa.

Kuku_Fagge:
Nas ta faɗi gaskiya. Shi ya sa ƙarfe biyu na rana ya fi ƙarfe biyar: abin da aka sauke sha biyu da rabi yana nan da ransa. Ƙarfe biyar kuwa tsakanin girki biyu ne, na rana ya tsufa na dare bai sauka ba. Ga alamar mai: dankali ko kaza da suka fito baƙi-baƙi da ɗan ɗaci, man ya sha suya ya gaji. Kifi kuma, in sai kun isa za a yi odarsa, idan akwai tafki ka nuna mai rai a kama maka. Idan na kan ƙanƙara ne, ka ɗaga marfin kunnensa, ja ya kamata ka gani, ido garau, tsoka idan ka danna ta dawo. A auna shi a gabanka a faɗi kuɗinsa kafin ya hau wuta, don kifi ba shi da tsayayyen farashi a takarda.

Game da dattawa masu hawan jini ko ciwon suga: miyar da aka riga aka dafa ba a iya rage mata gishiri ko magi. Abin da ake yi nan take ne kawai za ka ce a sassauta. Zoɓo ma an riga an zuba masa sukari a babban mazubi, sai ka nemi shayi a kawo sukari daban.

Dan_Maradi:
Sannunku da hira. A wajenmu Nijar tsarin kusan ɗaya ne, sai dai harajin nan kashi 19 ne cikin ɗari, amma galibi yana cikin farashin da aka rubuta. Abin da zan ƙara: a Maraɗi da Yamai idan taro ya kai goma, mutane sun fi yin odar rago guda ko rabi gasasshe tun jiya, a kawo shi kan babban tire da burodi da albasa da yaji. Rabin rago matsakaici yana isar mutum goma sha wani abu. Magana ɗaya da mai gashi, kuɗi ɗaya, ba a jiran kowa. Ban ga abin da zai hana a yi haka a Kano ba.

Bakano_Asali:
Ana yi, sai dai mu da gurasa muke haɗawa. Amma wannan ya fi dacewa da majalisar abokai. Yara biyar shinkafa da dankali za su nema.

Uwargida_Kurna:
Ni tambayata daban ce. Da kuɗin da za a kashe a can, ba gara a yi odar abincin a kawo gida a kula ba? Ba kuɗin hidima, ba lemo mai tsada, ba neman wajen fakin, matar ɗa ta ci abincinta a ɗaki hankali kwance.

Maman_Khalifa:
Anti, arha kam ya fi arha. Amma idan an kawo gida, wa zai zuba, wa zai kwashe, wa zai wanke kwanuka? Matan da suka yi wata guda suna girkin buɗe-baki da sahur, suka kwana a kan abincin Sallah, su ne dai. Fitar ai don su zauna a kawo musu ne. Wannan hutun yana cikin abin da ake biya.

Uwargida_Kurna:
Haka ne, ban musa ba. Sai dai a gidan da kuɗin zai taɓa cefanen wata, ina nan a kan kula.

Malam_Habu_BUK:
In koma kan maganar Matashi ta abokai, domin can ma akwai inda ake samun saɓani. A al'adarmu wanda ya ce "ku zo mu je" shi ake sa ran zai biya. Idan karo-karo ake nufi, a faɗa tun a waya kafin a fito, a tsayar da adadin da kowa zai kawo, a tura wa mutum ɗaya, shi ya yi oda daidai abin da aka tara. Raba lissafi daidai-wa-daida bayan an ci yana cutar da wanda ya sha ruwa da shawarma ɗaya alhali wani ya ci kifi guda. Kuma akwai wanda aljihunsa ba nauyi, ba zai iya faɗa a gaban mutane ba. Wanda ya shirya fitar ya kira shi gefe tun kafin ranar.

Abu na biyu, wuraren abincin 'yan Sin ko na Turawa, a ko'ina suke: a tambaya kai tsaye ko ana sarrafa naman alade a kicin ɗin, ko ana zuba giya a miya ko a jiƙa nama. Tambaya ce da suka saba ji, ba wanda zai ga baƙonta.

Dan_Wuse:
Batun ɗan ihsani ga mai sabis fa? Tunda an riga an caji kuɗin hidima, sai an ƙara?

Kuku_Fagge:
Kuɗin hidimar da ke jikin takarda asusun gidan yake shiga, yadda ake raba shi ya danganta da mai wajen. Abin da ka damƙa wa yaro a hannu shi ne ka tabbata ya same shi. Wanda ya yi wa mutum 14 hidima ranar Sallah, ya bar nasa iyalin a gida, ya cancanta. Kuma ka nemi manaja ya ba ku mutum ɗaya tsayayye, ka san sunansa, oda duk ta bi ta bakinka zuwa kunnensa. Idan kowa yana kiran wanda ya gani yana ƙara abu, a nan lissafi ke rikicewa.

Hajiya_Tarauni:
Kada a manta da ragowa. A nemi roba a zuba, ba abin kunya ba ne. Wanda ba a taɓa ba a ba mai gadi ko almajiran bakin ƙofa tun da zafinsa. Wanda za a kai gida ya shiga firji da isa, idan babu wuta a cinye shi nan take.

Abban_Sadiq:
To ga abin da na tsayar: ƙarfe biyu na rana, ɓangaren Bompai ko Nassarawa, waje na ƙasa mai ɗakin iyali, tebur biyu. Tuwo da miya biyu, tiren shinkafa, kaza uku, dankali na yara. Kifin ne ban yanke ba, Baba yana son sa amma ina tsoron jiran.

Kuku_Fagge:
Saka shi. Tarwaɗa ɗaya mai kilo ɗaya da rabi ta ishi Baba da mutum biyu. Ka kira su lokacin da kuke shiga mota a Hotoro ka ce a ɗora, a rage yaji, a kawo yajin daban a ƙaramin kwano.

Ummu_Hanan:
Mota nawa za ku yi? Mutum 14 ba sa shiga biyu idan da dattawa. Idan ta ukun Adaidaita Sahu ce, ku yi ciniki da shi zuwa da dawowa tun safe ku karɓi lambarsa, don da yammar ranar samun wanda babu kowa a ciki aiki ne.

Maman_Khalifa:
A sa wa ƙaramin riga ta canji a jaka, da ɗan biskit na riƙon ciki kafin abinci ya iso. Kuma a tambayi wajen ko suna da kujerar yara mai tsayi, ba kowa ke da ita ba.